Haƙorin Injin Rakenmu

Buhun da na sauka da shi a Ojoo, tashar motoci ta bakin Badun, babu komai a cikinsa sai riga biyu da bargo da gutsuren ƙarfe uku. Ƙarfen nan ne ya sa wani soja a gadar Jebba ya sauko da ni daga kan buhunan wake, ya sa na zazzage kayana a bakin titi, yana tambayata ko bam na ɗauko. Na ce masa haƙorin inji ne. Ya sa takalmi ya juya shi, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Hausa tsantsa, "Tun daga Zariya ka ɗauko wannan bolar?" Na ce i. Ya ce Allah ya ba ni lafiya, in hau mota.

Gara in faɗi abin da ya haɗa ni da bolar. Mu maƙera ne, a wani ƙauye gabas da Maƙarfi, amma rabin abincin gidanmu daga mazarƙwaila yake fitowa. Muna da injin matsar rake guda ɗaya, irin wanda doki ke juyawa, kuma duk masu fadamar garin wurinmu suke kawo rakensu. A saman injin akwai fayafan ƙarfe biyu masu haƙora, ɗaya yana cizon ɗaya yana juya shi. Mu dai haƙori muke ce wa kowanne. Babban cikinsu ni na fasa shi. Mun cire shi don wanki, ya ƙi komawa kan sandarsa, Baba ya ce a shafa mai a bi shi a hankali, ni kuwa da ba a haife ni da a hankali ba na ɗauki masaɓa, gudumar ƙirarmu, na ba shi guda ɗaya. Ya rabu uku.

Baba ya sa shi a wuta don ya haɗa, yadda muke haɗa garma. Da ya yi ja ya ɗora shi kan uwar maƙera ya buga, sai gefen ya marmashe kamar ƙuli-ƙuli, a gaban mutanen da suka taru kallo. Ya ajiye masaɓar ya ce, "Wannan ba ƙarfenmu ba ne, na zubi ne." Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Mai zubin da kowa ya sani a Sabon Garin Zariya kuwa, da na je shagonsa toka na tarar. Shekarar juyin mulki biyu ce, an yi abin da aka yi wa Ibo a garuruwanmu, wanda ya tsira ya tafi. Wani direba ya ce mini sai dai Badun. A gaban Baba na rantse ba zan sake taka ƙofar gidanmu ba sai da sabon haƙori, kuma kafin a gama yankan rake. A lissafina mako biyu ne.

A Ojoo aka fara yi mini wanka. Wani ɗan kamasho mai Hausa a bakinsa kamar Bakano ya karɓi buhuna, ya ce ai wannan aikin rabin yini ne, ya kai ni wurin wani mai walda a unguwar Mokola. Mai waldan ya liƙe gutsattsarin da jan ƙarfe, ya shafa baƙin fenti, ya miƙo mini abu yana ƙyalli. Na biya, na yi godiya har da durƙuso. Kafin in bi gangaren da ke shiga Sabo, unguwar Hausawa, na ji ƙaras a bayana. Da na buɗe buhun gutsure uku ne yadda na zo da su, sai dai yanzu suna da fenti.

A Sabo na sauka gidan Alhaji Sale mai goro, wanda fataken wajenmu ke sauka wurinsa. Al'adar unguwar ke nan, baƙo yana da maigida, maigida ya ba shi ɗaki da tuwo, in magana ta taso shi ke tsaya masa. Zauren Alhaji cike yake da huhunan goro da ƙanshin ɗanyen ganye, ga masu ɗauri suna aiki suna zuba Yarbanci da Hausa a haɗe har ban san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Na tsugunna ina ba shi labari da sauri, ina kallon ƙofa.

"Zauna sosai, ɗan maƙera," in ji Alhaji. "Ka sha ruwa. Ƙarfe ai ba ya ruɓewa."

"Rake yana bushewa, Alhaji."

Ya yi dariya ya ce wa masu ɗauri, "Kun ji wani kuma da ya zo Badun da ƙafa ɗaya a mota." Washegari da kansa ya raka ni wani gidan zubi a bayan Mokola, na wani dattijon Bayarabe da ake kira Baba Alagbede. Dutsen guga suke zubawa, da murhun gawayi, da farantan injin niƙa. Dattijon ya juya gutsattsarin ya ce aikin ƙwaya ɗaya ba ya tsayar masa da tanderu, amma in zan yi masa lebura, ina fasa tsofaffin ƙarafa ina tankaɗe yashi, to mai sassaƙa samfur zai yi mini nawa a lokacin da ya samu sarari. Ya nuna wani mutum a ƙarƙashin rumfa, siriri, mai furfura a gefen kai, da fensir a bayan kunne. Ya ce, "Fidelis ke nan. Omo Ibo ne, amma Gambarinku ya fi ka ji."

Gambari suke ce wa Bahaushe da harshensa. Fidelis ya ɗago ya dube ni, ya dubi hulata, bai yi murmushi ba bai kuma ɓata rai ba. Ya karɓi gutsattsarin ya jera su a kan benci.

"Na injin rake ne," ya ce. "Daga ina?"

"Ƙasar Zazzau, Oga."

Ya gyara zaman gutsure ɗaya a kan bencin. Sannan ya ce, "Na yi shekara goma sha ɗaya a Zariya." Ya juya ya ci gaba da aikinsa. Iyakar gaisuwarmu ke nan.

A nan na fara gane cewa zubi da ƙira sunan ƙarfe kawai suka haɗa. Mu a maƙera ƙarfe yana hannunka, kana ganinsa, in ya karkace ka buga shi ya miƙe. Su kuwa sai an sassaƙa siffar abin da katako, a danna ta cikin yashi mai laima a akwati biyu, a zare katakon a bar gurbinsa, a rufe, ranar Asabar a narka ƙarfe ya zama ruwa a ɗura ta rami. Daga nan babu abin da hannunka zai ƙara. Sai jira. A bayan rumfar ma akwai tarin manyan ƙarafa da aka zuba tun bara, an watsar da su a ƙarƙashin mangwaro, sun yi tsatsa, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Na tambayi wani ma'aikaci ko lalatattu ne, ya ce a'a, hutawa suke yi. Na ce a raina, gari ke nan da har ƙarfe ya koyi lalaci.

Mako biyuna ya zama wata. Azumi ya kama, ina fasa tsofaffin tukwane da guduma a gefen tanderu, maƙogwarona kamar an zuba toka. Fidelis kuwa a rana bai fi ya yanka haƙori biyu a samfurina ba, wata rana ko taɓa shi ba ya yi. In na tsaya a kansa sai ya ce, "Maƙeri, kana tare mini haske." Kullum da la'asar sai na bi ta tashar motocin Arewa in ga wadda ke lodi, in tambayi direba yaushe zai tashi, alhali na san ba inda za ni. Abinci ma ya ƙi ni. Akwai wata Bayarabiya mai amala a bakin gidan zubin, da ta ga ina tsame hannu daga miyarta ina hawayen barkono, sai ta riƙa ɗebar mini tawa daban kafin ta zuba yaji, tana cewa, "Pele, Gambari," wato sannu Bahaushe. Ban taɓa sanin sunanta ba. Ranar sallah na bi jama'ar Sabo idi, kowa da 'yan uwansa, ni ina tuna ƙanshin ruwan rake yana tafasa a kaskon gidanmu. Na yi kuka ranar, ba na ɓoyewa.

Bayan sallah samfurin ya fara kama siffa, a nan kuma shaiɗan ya samu ƙofa. Wata rana Fidelis ya fita, na ɗauki gutsure ɗaya na tsohon haƙorin na ɗora a kan katakon. Katakon ya leƙo ta gefe. Kaɗan ne, amma ya leƙo. Na juya, na sake gwadawa, haka dai. Ban da wannan, tsohon hannuwa shida gare shi, miƙaƙƙu daga cibiya zuwa baki, nasa kuwa biyar ya yi, kowanne a lanƙwashe kamar lauje. Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce, "Haka ake yi." Bai ƙara ba.

Da yamma na kai maganar dandalin shayi na ƙofar Alhaji. Lokacin nan Sabo kowa a tsorace yake, kullum da sabuwar jita-jita, yau a ce za a kore mu, gobe a ce ana zuwa ɗaukar fansa. Malam Isa tela, wanda shagonsa ke jikin zauren, ya ce, "Kai ma dai! Ibo ka ba aikinka a wannan shekarar? Je ka ɗauko abin da yake awo da shi mu gani."

Fidelis yana da wata rular katako mai bakin tagulla, ƙafa biyu, wadda ba ya bari kowa ya taɓa. Washegari da ya tafi cin abincin rana na zare ta na sa a riga, na ruga Sabo. Malam Isa ya shimfiɗa ta a kan sandar awon yadinsa, baki da baki. Ta Fidelis ta zarce. Ya ɗauko tef, ya aro rular wani kafinta, duk bakinsu ɗaya: a ƙafa biyu, rular Fidelis ta fi kowace tsawo da rubu'in inci. Rubutun lambobin daidai, incin ne kowanne ya ɗan yi ƙiba.

"To ka gani," in ji Malam Isa. "Mu nan mun san mudu mai gindi biyu, yau ga rula mai ha'inci. So yake ka sha wahala ka kai shi gida ya ƙi shiga."

Alhaji Sale yana daga ciki ya ce, "Ɗan maƙera, ka tambayi mai abin tukuna." Ban ko juya ba.

Na tarar da Fidelis yana ɗaga kayan benci yana nema. Na jefa masa rular a gabansa, a gaban ma'aikata, na faɗi abin da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na ce rularsa ta ƙarya ce, na ce wata uku yana ja mini rai da gangan, na ce haushin abin da aka yi a Arewa yake hucewa a kaina, ni kuwa ban taɓa kowa ba. Ya ɗauki rular ya duba bakinta ko ya lotsa, ya goge ta da gefen rigarsa. Ya ɗauki samfurina ya ɗora can saman kanta.

"Je ka yi da ta tela," ya ce.

Na kuwa yi, har ma na ga na fi shi dabara. Me zai sa a sassaƙa katako alhali ga ainihin abin a hannuna? Na haɗa gutsattsarin uku a cikin yashi, na cike inda ya marmashe da laka, na zare su a hankali, gurbi ya fito tsaf da hannuwansa shida. Baba Alagbede ya leƙa ya ɗaga kafaɗa, ya ce yashina ne. Ranar Asabar aka ɗura mini ƙarfe. Akwai motar goro da za ta tashi Zariya ranar Lahadi da hantsi, na riga na gaya wa direban ya ajiye mini wuri. Don haka ko awa biyu ba a yi ba na fasa akwatin, na jawo haƙorin da awartaki yana ja wur. Ma'aikata suna ta ihu da Yarbanci. Na ɗauki bokiti na sheƙa masa ruwa, yadda na tashi na ga ana yi wa gatari a gidanmu. Fidelis yana rumfarsa, ya ɗago sau ɗaya ya mayar da kai.

Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na ɗauke shi a ka har Sabo, na jingine shi a zauren Alhaji, kowa ya zo ya shafa. Malam Isa ya ce ga shi nan, yini ɗaya. Abu ɗaya ya ɗan dame ni: na zo da guntun kara daga gida wanda na yanka daidai kaurin sandar injin, da na gwada shi a ramin cibiyar ya ƙi shiga, saura ƙiris. Na ɗora tsohon gutsure a kai, sai na ga yanzu tsohon ne ya leƙo. Na ce ba komai, zarto zai gyara.

Da hantsin Lahadi an kawo koko da ƙosai, zauren cike da fatake masu jiran mota, sai muka ji tau! kamar an harba bindiga a cikin ɗakin. Kafin ka ce me, zaure ya watse. Wani ya bi ta kan huhunan goro, wani ya faɗa shagon Malam Isa ya kifar da keken ɗinki, mata a cikin gida suna salati, a waje har an fara rufe shaguna ana cewa sun iso. Ni kaɗai na rage a zaune, don na ga abin da ya faru. Babu wanda ya taɓa haƙorin. Yana jingine inda na ajiye shi, hannuwansa biyu sun tsinke daga cibiya, tsaga ta bi har baki.

Alhaji ya fito daga bayan ƙofa yana gyara hula. Ya dubi ƙarfen, ya dube ni. "Motarka tana jira," ya ce. Na ce ta tafi.

Bayan kwana tara wani falke ya iso daga wajenmu da saƙon Baba. Masu rake sun gaji da jira, wasu sun kai wani gari mai nisa a kan jakuna, wasu sun sayar na sha a araha, na ƙarshen fadama ya bushe a tsaye. Baba ya ce a gaya mini rantsuwar yaro ba ta ɗaure uba, in dawo gida haka nan. Wannan saƙon ya fi mini zagi ciwo. Kwana uku ina yawo a Badun ba inda na nufa, in hau tudu in gangara, ina kallon rufin kwano masu tsatsa har iyakar gani. A rana ta huɗu na ɗauki fasasshen na koma Mokola, na ajiye shi a gaban Fidelis, na tsugunna yadda nake tsugunna wa Baba.

"Oga, na yi maka laifi. Ka yafe mini."

Ya ɗauki guduma ya ƙarasa karya hannu ɗaya, ya nuna mini cikin. "Duba. Fari fat, kamar fasasshen tangaran. Ruwanka ne ya yi wannan. Na kirki toka-toka yake." Ya juya wajen cibiya, ga ramuka kamar cikin burodi. Ya ɗaga shi a tafin hannu yana jin nauyinsa. "Bai kai nauyinsa ba ma. Iska ka zuba a tsakiya."

Sai ya sauko da rular. "Ƙarfen zubi in yana hucewa tsukewa yake yi. Kowace ƙafa ɗaya, kashi ɗaya cikin takwas na inci. Kullum, ko a Zariya ko a Ingila. Rular nan an yi ta da tsawo don ta biya abin da ƙarfe zai ci. Kai ka auna da tsohon, wanda ya riga ya tsuke sau ɗaya, naka ya sake tsukewa. You see am?"

Na ce na gani. Na tambaye shi abin da ya fasa shi ba wanda ya taɓa.

"Hannuwan sirara ne, su ke fara sandarewa. Cibiya mai kauri ce, tana nan da zafi, daga baya take tsukewa, ta ja su. Su kuma sun riga sun ƙage. Shida miƙaƙƙu, kowanne da abokin ja a gabansa, babu mai sakin wani. Daga waje lafiya lau, a ciki kokawa ake yi. In ka lanƙwasa su, ka yi su biyar, kowanne yana da inda zai ɗan miƙe." Ya taɓa tsohon gutsuren da na zo da shi daga gida. "Wannan ma tun ranar da aka zuba shi yake neman dalili. Sau nawa ka buge shi?"

"Sau ɗaya."

"To. Da mai kyau ne da ya jure ɗaya."

Wata huɗu ina ɗauke da wannan bugun a ƙirjina. Na ji wani abu ya sauka. Sai na tambaye shi me ya sa bai faɗa mini tun farko ba.

Ya ɗora samfurin a benci ya fara fere fensir. "Shagon zubin da ke Sabon Gari, bayan tashar jirgi. Ka san shi?"

"Na je. An ƙone shi."

"Na ƙanena ne. Ni na koya masa." Ya hure ƙurar fensirin. "Tun watan tara ba wanda ya gan shi. Ranar da ka zo da hularka ka ce Zazzau, na ce zan yi aikin, don aiki ne. Hira ce ban iya ba."

Ban ce Allah ya bayyana shi ba, ko da yake shi ya kamata in ce. Na ɗauki tsintsiya na share masa ƙarƙashin benci.

Daga ranar yana yanka yana nuna mini. Ya sa na auna samfurin a sikeli don a san yawan ƙarfen da zai ci. Ya nuna mini yadda ake barin wani rami mai faɗi a saman cibiya, ƙarfe ya taru a ciki, in cibiyar tana tsukewa ta riƙa sha daga nan maimakon ta bar rami a cikinta. Amma lokaci ya ƙure mana. Ruwan farko ya sauka, rediyon mai shayi kullum maganar Gabas yake, Ibon Mokola suna ta ɗaure kaya. Matar Fidelis ta zo rumfar sau biyu tana yi masa magana da yarensu, murya ƙasa-ƙasa, tana nuna hanya. Ya ce mata Asabar.

Ranar Asabar ɗin da hannunsa ya danna yashin, da hannunsa ya riƙe ludayin. Da ramin ya cika ya ajiye, ya wanke hannu, ya sa rigar fita. Motarsu tana jira a bakin titi da katifu a sama.

"Maƙeri, ji nan. Kwana uku a cikin yashi, ko leƙawa kar ka yi. In ka fitar, kai shi ƙarƙashin mangwaro. Rana ta dake shi, ruwa ya dake shi, har damina ta wuce. Abin da ya rage na kokawar a can zai huce. Rake ai sai kaka." Ya zaro rular daga aljihu ya miƙo mini. "Riƙe mini. A hanya sojoji za su ce ta ƙarya ce." Wannan ne karo ɗaya da na ga haƙoransa.

Kwana ukun nan sun fi mini wata shidan da suka wuce tsawo. Ba mai hana ni yanzu. Ina zaune a gefen akwatin, in sa tafin hannu in ji ɗumi, in tashi in zaga rumfar, in dawo. A rana ta biyu har na ɗauki shebur. Mai amala ta hango ni ta daka mini tsawa da Yarbanci, na ajiye. Da na buɗe ranar Talata ya fito toka-toka, na rataye shi da igiya na ƙwanƙwasa, ya yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta. Karan da na zo da shi ya shige cibiyar kamar don shi aka yi ta.

Na mirgina shi ƙarƙashin mangwaro, na koma fasa tukwane. Yaƙi ya ɓarke yana nan kwance. Motocin sojoji suna wucewa ta Mokola, ciyawa tana fitowa ta tsakanin hannuwansa biyar. Malam Isa kullum sai ya tambaye ni ko ƙarfen nawa ya farka. Ban fasa zuwa tasha da la'asar ba, amma na daina tambayar direbobi.

Da kaka na isa gida, shekara guda cif. Baba ya tsufa fiye da shekara guda. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma yabe ni ba, ya dai kankare tsatsar da wuƙa, ya ƙirga hannuwan, ya ce, "Biyar?" Na ce biyar. Muka ɗora shi a bakin sandar, mutane sun kewaye mu, ya sauka rabi ya tsaya. Sai na ga Baba ya miƙa hannu ya ɗauki masaɓa. Ban san lokacin da na riƙe masa wuyan hannu ba, abin da ɗa ba ya yi wa uba a maƙera.

"Baba, a shafa mai. A bi shi a hankali."

Ya dube ni, ya daɗe yana dubana, sannan ya ajiye. Muka shafa man gyaɗa, muka juya shi hagu da dama, ya zauna da kansa. Aka ɗaura doki. Haƙori ya ciji haƙori ba ƙara, ruwan rake ya fara zuba a kwarya.

Da aka kafe kaskon farko, Baba ya ɗauki curin mazarƙwailar da ya fara fita, ya naɗe shi a ganye. A gidanmu abin farko da sabon aiki ya samar na wanda ya koya maka ne. Ya miƙo mini ya ce, "Ka kai wa malaminka."

Na karɓa da hannu biyu, na tsaya da shi a tsakiyar wurin matsar rake, ban san ta inda zan fara gaya masa ba.

Da aka gama yaƙi na koma Badun da curi a buhu da rular a aljihu. Baba Alagbede ya ce wasu sun dawo, Fidelis bai dawo ba, ba wanda ya san garinsu. Na sake komawa sau biyu. Haƙorin yana kan injin har yau, jikokina ke matsa da shi. Kowace kaka curin farko ina ɗora shi a kan kanta kusa da rular, ya kwana bakwai, in babu wanda ya zo sai in raba wa yara.